Tarwaɗar Rijiyar Inna

Rijiyar tana ƙofar gidanmu a Jekadafari, jikin katanga ta waje, inda kowa zai ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Da gangan Baba ya sa aka haƙa ta a nan. Shekarar da Inna ta rasu ya sayar da gonarsa, ya kira masu haƙa, ya ce sadaka ce mai gudana ga uwar 'ya'yansa, duk wanda ya kurɓa ladan ya iske ta har cikin kabarinta. Wanda ya zauna a Gombe ya san darajar ruwa. Famfo in ya zo yau sai ya yi yaji, ba ka sake ganinsa sai ka manta da shi, 'yan ga-ruwa kuwa sai sun ga dama su shigo layinku da kurarsu. Don haka rijiyar Inna ta zama ta kowa, har daga Shamaki mata kan tsallako da jarkoki.

Ni a lokacin na dawo gida da zama. Aiki ya kai maigidana Yola, Baba kuma ba mai dafa masa, sai na kwaso keken ɗinkina da 'yata muka tare a ɗakin Inna. Yarinyar sunan Inna ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunanta a gidan. Baba amarya yake ce mata, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta son miji mara haƙori. Kullum suna cikin wannan tsiya, da safe kuma tare suke shan fura a ƙofar ɗakinsa.

Wata damina amai da gudawa ya shigo layinmu, ya kwantar da yara da dama. Da abin ya lafa sai mu mata muka taru a tsakar gidanmu muka ce ba za mu zauna mu zuba ido ba. Muka kafa kwamiti, muka ɗora wa Mama shugabanci. Mama Kirista ce daga wajen Kaltungo, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, gidanta yana kallon namu, kuma rabin yaran layin a hannunta aka haife su. Aka yi wa rijiya murfin ƙarfe da kwaɗo. Aka hana kowa zuwa da gugansa, aka rataye guda ɗaya a kan sanda don kada ya taɓa ƙasa. Aka hana wanki da wanke-wanke a bakinta. Makulli biyu aka yanka, ɗaya a hannun Mama, ɗaya a hannun Baba, shi zai buɗe bayan sallar asuba ya rufe da magariba. Ba wadda ta yi musu, don wa zai kula da rijiyar nan fiye da wanda ya haƙa ta?

Tarwaɗar kuwa shawarar Baba ce. Ya ce a ƙauyensu haka ake yi tun kaka da kakanni, ana jefa tarwaɗa a rijiya ta cinye tsutsa da ƙwari, kuma ta zama mai gadi. Muddin tana motsi ruwa lafiya lau, ranar da ta mutu a daina sha. Matan suka yi na'am. Mama ce kaɗai ta gyara zama ta ce ita ba ta ƙi ba, amma tarwaɗa ko a kwata aka jefa ta ƙiba za ta yi, don haka rayuwarta ba shaida ba ce, gara a riƙa ɗibar ruwan a kwalba ana kaiwa gwaji. Wallahi ni ce ta farko da maganar ta ɓata wa rai. Na ce a zuciyata, ji matar nan, don ta sa farar riga a asibiti shi ke nan abin da iyayenmu suka sani ya zama shirme. A fili kuma na ce rijiyar uwata ba kwata ba ce. Mama ta dube ni kawai, aka tashi a kan za a kawo kifi.

Daga madatsar ruwan Dadin Kowa aka kawo ta. Duk ranar Juma'a da hantsi, in rana ta ɗaga, sai mu taru a bakin rijiyar da madubin Inna, wani babba mai katako a gefe. A karkata shi a hasko rana har ƙasa, mu sunkuya mu yi tsit. Can sai ka ga baƙin abu ya gilma a cikin hasken. Sai a ce alhamdulillahi tana nan, kowa ta kama gabanta. Da rani ya yi aka yashe rijiyar, aka fito da ita a cikin baho. Ta yi girma, ta kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu, ga wani farin tabo a kanta inda shebur ɗin mai yasa ya kwarzane ta. 'Yata ta wuni a gaban bahon tana jefa mata gaya, har ta yi kuka da za a mayar da ita.

Da kaka ta zagayo sai yara suka soma wani irin ciwo. Ba gudawar bara ba ce. Ciwon kai ne da jiri, sai yaro ya yi ta tara yawu a baki, ya ci abinci ya dawo da shi. Tawa ma ta kama. Aka ce zazzaɓi ne, aka sha magani, ya lafa, ya dawo. Na shiga tafasa ruwa har gawayina ya ƙare, ba abin da ya canza. Wani lokaci da sassafe in na buɗe randa sai in ji wani ɗan wari-wari da na kasa gane ko na mene ne, in na sake shinshinawa kuma in ji babu. Mama ta sake ta da maganar kwalba. Amma duk Juma'a madubi yana nuna mana kifi yana yawo, Baba kuma ya ja guga ya cika moda ya shanye a gabanmu, ya goge baki ya ce ruwan sadaka ba ya cuta. To wa zai ce wa dattijo ƙarya yake yi a bakin rijiyar matarsa?

Wata ranar Laraba da rana na je ɗiba, babu kowa a wurin. Na ja guga na ji motsi a ciki. Na leƙa, sai ga tarwaɗa. Na tsorata, don mai lafiya ba ta yarda guga ya ɗauko ta, wannan kuwa tana kwance a karkace tana buɗe baki a hankali. Ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. 'Yar ƙarama ce, da ƙyar ta kai taƙi ɗaya, kuma kanta sumul babu tabo. Na tsaya riƙe da igiya ina kallonta. Tabo dai yana iya warkewa, amma ni tun da nake ban taɓa jin kifin da ya girma ya koma ƙanƙane ba. Na waiwaya hagu da dama, na mayar da ita a hankali, na shiga gida da bokiti wayam.

Daga ranar na daina yarda da kowa a layin. Na fara da 'yan ga-ruwa, tunda sun ji haushin hana su zuwa da gugansu. Na ce sun sace babbar sun yi farfesu. Amma ɓarawon da zai saci kifi ya je kasuwa ya sayo wani ya mayar, ai wannan ba ɓarawo ba ne, mai tsoron Allah ne. Kuma kwaɗon lafiyarsa ƙalau, na duba shi ciki da bai. Sai na koma kan matar da ke soya kifi a bakin titi, na yi ta leƙen kaskonta ko zan ga kai mai tabo, har ta tambaye ni ko saye zan yi ko kallo. Duk wadda ta daɗe a bakin rijiya sai in ɗaga labulen shago in bi ta da ido. Ɗinki ya taru mini, na lalata wuyan rigar wata amarya saboda idona yana waje.

A ƙarshe zargina ya tsaya a kan Mama, kuma na ga biri ya yi kama da mutum. Ita ce mai ɗayan makullin. Ita ce tun farko ba ta son kifin. Ga shi kuma ɗan ƙanenta ya haƙa burtsatse a bayan layinmu yana sayar da ruwa, in aka rufe rijiyar Inna ai kakarsa ta yanke saƙa. Na haɗa wannan da wancan na ga komai ya zauna daidai. In ta gaishe ni da fara'a sai in ce kunya ce take rufewa, in ta wuce ba ta gan ni ba sai in ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Na kai wa Baba maganar yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Na zayyana masa komai, har girman kifin na auna masa da hannu. Na ɗauka zai zabura. Sai ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in kama bakina kada in haɗa shi faɗa da maƙwabta, wataƙila ma babbar ce ta haihu. Na ce Baba, ita kaɗai a rijiya, da wa ta haihu? Ya ce in je in duba tukunyata yana jin ƙauri. Ban ɗora komai a wuta ba ranar.

Na daina shan ruwan rijiyar, na koma saye a hannun 'yan ga-ruwa, na hana 'yata taɓa shi. Duk da haka jikinta bai yi daɗi ba. Ta rame, idonta ya faɗa, tsiyar da take yi wa kakanta ma ta ragu. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin zaure, Mama ce ta riga kowa fitowa, ta ɗauke ta muka tari keke muka yi asibiti. Aka sa mata ƙarin ruwa. Muna zaune a baranda ni da Mama, raina a ɓace, sai kawai na fasa ƙwan. Na gaya mata na san an canza kifin, na san wa ke da makulli, na kuma san wa zai ci riba. Ban rage komai ba, har da ɗan ƙanenta.

Ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ta bari na gama, sannan ta ce, "'Yata, da rufe rijiyar nake so, mataccen kifi zan jefa, ba mai rai ba. Mai sa mai rai so yake a ci gaba da sha." Ta ƙara da cewa, "Kuma makullin nan biyu ne."

Na tashi tsaye na ce kada ta kuskura ta sa ubana a bakinta. Ta ce ba ta ambaci kowa ba. Ta ce in bar tambayar wa ya canza, in tambayi me ya kashe babbar, don abin da zai kashe tarwaɗa ba ƙaramin abu ba ne. Washegari ta ja ni muka zagaya bayan katangarmu, wani lungu da na yi shekaru ban bi ba. Akwai sito a wurin da wani ɗan kasuwa ya kama yana tara buhunan wake. Leburorinsa suna yi wa buhunan feshin maganin ƙwari, in sun gama su wanke tankunan feshin a wani rami da ke jingine da katangarmu. Ƙasar wurin a jiƙe take, ko ciyawa babu. Ina sunkuyawa warin ya bugi hancina, na gane shi nan take, shi ne na cikin randata. Ruwa ba ya tsami banza. Amma ko a lokacin ban saki Mama ba, na ce a raina wanda ya ɓoye abu ai shi ya fi kowa sanin inda zai nuna maka.

Sai na yanke shawarar kama ta da hannu biyu. Na tafi kasuwa wajen masu kifi mai rai, na bi su baho baho ina tambaya ko akwai wata dattijuwa mai tabarau da ke zuwa sayen tarwaɗa ƙwaya ɗaya, ƙarama, ta ce kada a kashe. Duk suka ce ba su san ta ba. Har na juya zan tafi sai wani daga ƙarshen layi ya ƙura mini ido, ya washe baki ya ce ai ya gane ni, kamar da nake yi da Baba ta yi yawa. Ya tambayi jikin tsohon. Ya ce in gaya wa Baba an ware masa mai ƙwari wannan karon, tunda ya yi ƙorafin na baya ba sa daɗewa. Har ya ɗaga murfin wani bokiti ya nuna mini ita.

Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. A cikin keke na tuna furar safe. Ni ina can ina sayen ruwa ina tafasawa, shi kuma yana dama fura da ruwan randarsa, su sha tare da amaryarsa a ƙofar ɗaki.

Ban yi masa magana ranar ba, don na san bakina, in na buɗe shi a wannan hali zan faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uba. Da asubar Juma'a na ji ya dawo daga masallaci, na ji ƙarar kwaɗo. Na yafa mayafi na fita. Gari ya fara haske. Yana sunkuye a bakin rijiyar yana wasa da igiya a hankali, ga wani ɗan bokiti a rufe kusa da ƙafarsa. Ya jawo guga, ya sa hannu ya ɗauko ta ta wutsiya, ta riga ta sandare, cikinta fari. Ya juyo zai naɗe ta a leda sai ya gan ni.

Na tambaye shi ta nawa ce wannan. Ya ce bai ƙirga ba. Na tambaye shi ina babbar, ya nuna gindin darbejiyar da ke gefen zaure, inda na sha ganin ƙasa a tone ina zagin kajin maƙwabta. Sai ya shiga kawo mini hujja. Wai kifin kasuwa ne ba shi da ƙwari, wai sanyin rijiya ne ke kashe su, wai shi da yake sha kullum ga shi tsaye da ƙafarsa. Na ce Baba, hannunka rawa yake yi, tun yaushe kake fama da ciwon kai kana ɓoyewa? Ya zauna a kan dakalin rijiyar, kifin yana hannunsa.

"In aka rufe ta, me zai riƙa isa wurin uwarki?" ya ce. "Ban bar mata komai ba sai wannan."

Na ce, "Mai sunanta tana kwance da allura a hannu, Baba."

Na so in ƙara, kalmomi sun cika mini baki, amma na ga yadda ya dubi kifin sai na haɗiye. Na ji haushinsa ranar irin wanda ban taɓa jin na wani mahaluki ba, na kuma ji tausayinsa. Na bar shi a nan na koma ciki.

Da hantsi mata suka taru kamar kullum, wata ta ɗauko madubi. Baba ya fito ya ce a ajiye shi. Ya buɗe ledar ya shimfiɗa kifin a kan murfin rijiyar, ya gaya musu abin da yake yi tun farkon kaka, bai ɓoye komai ba, bai kuma nemi uzuri ba. Wata da ɗanta ya sha wahala ta fara magana da ƙarfi, Mama ta dafa ta. Baba da kansa ya karɓi kwalbar daga hannun Mama, ya ja guga ya cika ta, sannan ya rufe murfin ya datse kwaɗo ya miƙa mata makullinsa. Ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta ɗan rusuna.

Sakamakon gwaji ya fito kamar yadda muka zata, aka ce ko wanka kada a yi wa yaro da shi. Muka yi gayya muka je wurin mai unguwa, aka kira mai siton, ya rantse bai san ramin yana kusa da rijiya ba. Ni dai har yau ban yarda da rantsuwar nan ba. An cike ramin, an hana wanke tankuna a lungun, amma aka ce ƙasar ta riga ta sha, sai an jira an sake gwadawa. Muna nan muna jira. Duk bayan wani lokaci Mama takan buɗe ta ɗibi kwalba ɗaya, ni nake raka ta, ni nake riƙe mata jaka. Ruwan sha kuwa a burtsatsen ɗan ƙanenta muke saye, shi ma ba mu ƙyale shi ba, nasa ma yana shiga kwalba.

Yarinyar ta warke a hankali, sauran yaran ma haka. Ranar da aka sallamo ta ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin kakanta ta ce ina furarta, ko ya yi wata amaryar ne da ba ta nan. Bai rama ba. Ya shafa kanta kawai, ya ce ta je wurin uwarta ta dama mata.

Da la'asar ɗin ranar ina shara a ƙofar gida, yana zaune a dakalin rijiyar, inda ya koma zama tun da aka rufe ta. Ya kira ni. Na zo na tsuguna. Ya yi magana yana murza carbi, bai dube ni ba.

"Na ce ladan duk wanda ya sha nata ne. To alhakin yaran nan fa? Ba zai je mata ba ko?"

Da na iya lallashi da na nemo masa magana mai taushi. Amma haushin bai gama fita daga raina ba, kuma gaskiya ce ya tambaya.

Na ce, "A'a, Baba. Wannan naka ne."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin ƙarfen.

"Alhamdulillahi," ya ce.